Manhajar kariya ta sa kwamfutata nauyi

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Manhajar kariyar da na saya ta sa kwamfutar gida nauyi ƙwarai, kuma ba ta daina damuna da saƙonnin neman kuɗi. Da me zan maye gurbinta?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Idan Windows 10 ko 11 gare ka, Microsoft Defender yana ciki kyauta, kuma yakan fara aiki da kansa da zarar ka cire waccan. Kada dai ka haɗa biyu, domin sukan yi karo.

Amsa ta biyu: Malam, a ganina sabunta Windows ya fi muhimmanci, domin harin WannaCry (wata muguwar manhaja mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa) na Mayun 2017 ya kama kwamfutocin da ba a sabunta ba ne, alhali an fitar da gyaran tun watan Maris.

Amsa ta uku: Ka riƙa ajiye kwafin muhimman takardunka a faifan waje.