Za mu koma aji, kuɗin bai isa komai ba: da me za mu fara?

Mataimakiyar Shugaba ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ce mataimakiyar shugaban wata makarantar firamare, kuma a kaina aka ɗora shirin komawa aji bayan rufe mu da aka yi saboda korona. An aiko mana da takardar sharuɗɗa: a yi feshin magani a kowane aji, a tsaya da na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa, kowa ya sa takunkumi, a tanadi wurin wanke hannu, a bar tazarar mita ɗaya tsakanin yaro da yaro. Wanda ya rubuta ta, ina jin ya daɗe bai leƙa aji ba. 'Yan aji uku kaɗai su 64 ne, uku-uku a benci, wani bencin ma huɗu. Tagogin ajin huɗu ne, biyu an buga musu ƙusa tun lokacin da aka yi mana sata. Famfo ɗaya gare mu, a bayan ofis.

Abin da ke asusu ba zai yi duka ba. Kwamitin iyaye sun kafe a kan feshi da na'urar auna zafi, wai su ne ido ke gani. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don na san yaron da zai wuce bakin ƙofa goshinsa sanyi ƙalau, ya je ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mutum biyu har a tashi. Masu sani a cikinku, don Allah, idan abu biyu ko uku kawai za mu iya, waɗanne ne?

Jami'in Lafiya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin ki kashe ko sisi, ki nemo kafinta ya zare ƙusoshin nan. Idan tsoron ɓarayi ne, a sa ƙarfe a tagar, amma ta riƙa buɗuwa.

Dalilina shi ne, cutar nan ta iska take bi. Mai ɗauke da ita idan yana numfashi, yana magana, ko yana ɗaga murya, ƙananan ɗigo ne ke fita daga bakinsa da hancinsa, wasu ƙanana ainun har ba sa faɗuwa ƙasa, sai su yi ta yawo a ɗaki. Ki ɗauka hayaƙi ne: idan ɗaki a rufe yake, na ƙarshen aji ma sai ya shaƙa, ko da kin jera yaran da tazarar mita biyu. A farkon annobar an fi mayar da hankali kan taɓa abubuwa, shi ya sa aka yi ta goge-goge da feshe-feshe. A watan Yulin 2020 masana kimiyya 239 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki yaɗuwa ta iska da muhimmanci, kuma a 2021 hukumar ta gyara bayaninta ta faɗi hakan ƙarara. A watan Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce yiwuwar mutum ya kamu don ya taɓa wurin da ƙwayar ke kai ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba. To kin ga inda haɗarin yake da inda ba ya nan sosai.

Akwai abin da ya faru a wata sakandare a birnin Ƙudus wanda nake yawan ba mutane labari. An buɗe makarantu a can a tsakiyar watan Mayun 2020, sai aka shiga tsananin zafi, hukuma ta ɗage dokar takunkumi na kwana uku, aka rufe tagogi aka kunna na'urar sanyaya ɗaki. Yara 35 zuwa 38 ne a aji, wato ba su ma kai naki ba. Da aka yi gwaji, ɗalibai 153 da ma'aikata 25 suka fito da cutar. Cunkoso, rufaffen ɗaki, babu takunkumi: abu uku suka haɗu.

Ba buɗe taga ɗaya ba ce kawai. So ake iska ta shigo ta wani gefe ta fita ta ɗaya gefen, don haka ƙofa ma a bar ta a buɗe. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi, ba ta canza ta. Idan kuna da ta tsaye, a kafa ta a bakin taga tana hura waje. Inda suke da hali suna ajiye 'yar na'urar auna iskar kabon da muke fitarwa: a fili tana nuna wajen 400 cikin miliyan, idan a aji ta haura 1,000 to iskar ta tsufa. Ke ba sai kin saya ba. Ki fita waje, ki dawo ki shiga ajin ana tsakiyar darasi. Idan wari da ɗumi suka tare ki a ƙofa, amsar ke nan.

Na'urar auna zafi kuwa, ba na cewa banza ce, amma yara da yawa suna ɗauke da cutar ba tare da zazzaɓi ba, kuma mutum kan fara yaɗa ta kamar kwana biyu kafin alamu su bayyana. Ga yaron da ya sha rana a hanya zai nuna zafi alhali lafiyarsa lau, wanda aka ba maganin zazzaɓi da safe kuma ya wuce abinsa. Ƙari a kan haka, layin da ake yi a bakin ƙofa don awon shi kansa cunkoso ne. Feshi kuma, da zarar yaro na farko mai cutar ya shigo ya yi tari, aikinsa ya ƙare. Kada kuma a kuskura a fesa wa yara magani a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana wannan, yana illa ga ido da fata da huhu, musamman ga masu asma.

Uwar 'Yan Biyu ta amsa:

Likita, duk na ji bayaninka kuma ban ƙi ba, amma ka bar abu ɗaya. Mu iyaye ba ma cikin aji. Ni ba zan ga iska tana shiga tana fita ba. Abin da nake gani shi ne mutum a bakin ƙofa da na'ura a hannu, sai in ce to, mutanen nan sun ɗauki abin da gaske. Ranar da na kai yarana na tarar babu komai, wallahi zan juyo da su. Kuma ba ni kaɗai ba ce.

Juyowar nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin Ebola an rufe makarantun Saliyo wata da watanni, da aka buɗe 'yan mata da yawa ba su koma ba, wasu sun yi ciki, wasu an sa su neman kuɗi. Don haka Malama, ki yi abin da likita ya ce, amma ki kira mu ki nuna mana. Ki shigar da mu ajin, ki ce ga tagar da aka buɗe ga dalili. In ba haka ba mu a wajenmu rowa kuka yi.

Sai maganar takunkumi. Nawa shekararsu biyar. Kafin mu isa ƙofar makaranta ɗaya ya mayar da nasa majajjawa, ɗayar kuma ta tauna nata ya jiƙe sharkaf. Shi ma dole ne?

Jami'in Lafiya ya sake amsawa:

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na karɓa. Idan iyaye ba su yarda ba, tsarin ya mutu tun kafin a fara.

Game da 'yan biyunki, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Agustan 2020 ita ce 'yan shekara biyar zuwa ƙasa kada a tilasta musu takunkumi. Daga shida zuwa 11 a duba yadda cutar ke yawo a yankin da ko akwai babba mai lura da su. Daga 12 zuwa sama su sa kamar manya. Takunkumin da ya jiƙe da miyau ba ya tarewa yadda ya kamata. Wanda ya fi kowa buƙatarsa a ajin ƙanana shi ne malami, domin shi ke magana da ƙarfi yini guda yana fuskantar yara.

Kada kuma maganata ta farko ta sa a yi watsi da wanke hannu. Ko korona ba ta cika bin hannu ba, gudawa da mura suna bi, kuma duk yaron da ya yi zazzaɓi a wannan lokaci sai hankalin makaranta gaba ɗaya ya tashi. Famfo ɗaya ba zai ishe ku ba, Malama, amma ba ku kaɗai ba ne: rahoton hukumomin nan biyu na 2020 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na makarantun duniya ba su da wurin wanke hannu da sabulu da ruwa a 2019. Bokiti mai famfo a ƙofar kowane aji ya wadatar, da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20. Sabulun ya fi sanitaiza dacewa da yara, don hannunsu kullum da datti, ga shi wani sai ya kai ta baki.

Tsohon Malami ya amsa:

'Yata, na yi aikin nan har na ajiye alli, bari in sa baki a inda likita bai taɓa ba.

Yara 64 ba za su zauna da tazarar mita ɗaya a ɗaki ɗaya ba ko da wa ya sa hannu a takardar. Raba su za ki yi. Ko rabi da safe rabi da rana, ko rabi a ciki rabi a inuwa a waje, a yi musanya bayan tara. Karatu a fili ba koma baya ba ne. Ƙasar Denmak, wadda ta riga kusan duk Turai buɗe firamare a ranar 15 ga Afrilun 2020, haka ta yi: ƙananan rukuni, kowane rukuni da malaminsa, darussa da yawa a waje, iyaye kuma su tsaya a bakin ƙofa. Tun ma kafin nan, a farkon ƙarnin da ya wuce, an yi makarantun fili a Jamus da Amurka saboda tarin fuka, yara na karatu cikin bargo. Amfanin rukuni shi ne, ranar da wani ya kamu, yara 30 za ki tura gida, ba makaranta duka ba. Amma fa sai kin raba lokacin tara da na tashi, in ba haka ba duk wahalar da kika sha a aji za ta warware a filin wasa cikin minti goma.

Asambuli ki dakatar da shi, ko kowane aji ya yi nasa a waje. Karatun haɗa baki da waƙa a rufaffen aji, su ma a fitar da su fili. Na san da wuya, don da su muke koyar da ƙanana, amma murya 60 a sama lokaci guda ita ce ainihin abin da likita ke tsoro.

Wurin da kowa ke mantawa kuma shi ne ofishin malamai. A nan manya ke cire takunkumi, su rufe ƙofa, su zauna hira. Cutar ta fi kayar da manya, kuma tsakanin manya ta fi saurin gudu. Duk malamin da bai yi allurar rigakafi ba ki lallashe shi ya je, ki fara da masu shekaru da masu ciwon suga ko hawan jini.

Na bar mai wuyar a ƙarshe. Kowa zai ce miki marar lafiya ya zauna a gida. Faɗa da sauƙi. Malamin da ya san za a yanke masa albashin ranar da bai zo ba, zai shanye magani ya shigo yana murmushi. Yaron da ake duka idan ya yi fashi, ko ake ba kyautar wanda bai taɓa fashi ba, uwarsa za ta turo shi da zazzaɓinsa. Ki zauna da shugabanki ku rubuta a takarda cewa fashin rashin lafiya ba laifi ba ne a wannan zango, ku kuma tsara tun yanzu wa zai riƙe ajin malamin da ya kwanta. Wannan ba ya cin kuɗi kamar feshi, amma ya fi shi wuyar samu daga hannun shugabanni.

Mataimakiyar Shugaba ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, maganar ofishin malamai ta same ni, domin namu ko taga ɗaya mai kirki babu. Mun zauna da shugaba: kafinta zai zo, za a sayi bokitai da sabulu da takunkumin malamai, manyan azuzuwa za a raba su biyu. Na'urar auna zafi za mu sayi guda ɗaya saboda maganar Hajiya, a ajiye ta don yaron da ya ce ba ya jin daɗi. Batun albashi shugaba ya ce ba a hannunsa yake ba, sai ya kai gaba.

Saura tambaya ɗaya, likita. Ana cikin darasi yaro ya fara tari jikinsa ya yi zafi, me zan yi a wannan sa'ar?

Jami'in Lafiya ya amsa:

Ki ware wuri tun yanzu, baranda ko ɗaki mai taga, da kujera da ruwan sha. A fitar da shi a hankali ba tare da an yi masa taron kallo ba, a sa masa takunkumi idan shekarunsa sun kai, babba ɗaya mai takunkumi ya zauna da shi har a zo ɗaukarsa. Don haka lambobin wayar iyaye su kasance a rijistar kowane aji, ba a kulle a ofis ba. Ki rubuta sunayen abokan bencinsa da na bencin gaba da na baya, da waɗanda ya yi hulɗa da su kwana biyu da suka wuce. Sauran yaran a fitar da su waje, a bar ajin a buɗe ya sha iska, a goge bencin da ruwa da sabulu.

Ki tuna ba kowane zazzaɓi ne korona ba, don haka a kai shi asibiti a duba, kada a ajiye shi a gida ana jira. Idan gwaji ya tabbatar, ki sanar da jami'an lafiya na yankinku, su za su faɗi kwanakin killacewa, tunda an sha sauya adadin. A farko kwana 14 ne ga wanda ya yi hulɗa da mai cutar. Iyayen ajin ki gaya musu a ranar, kafin su ji a bakin yara, amma kada ki ambaci sunan yaron.