Bidiyon kamfani: in ba a ga cinikinsa ba, asara ce?

Akanta:
Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi maganata ba kwana-kwana: duk bidiyon da kamfani ya zuba wa kuɗi, aka kasa nuna cinikin da ya kawo, asara ce. Lokacin kasafi ya zo, sashen talla ya kawo rahoto, kallo kaza, an yaɗa sau kaza, an yi sharhi kaza. Ka tambaya nawa ya shigo asusu, sai a yi tsit. Lissafin nan ba ɓoyayye ba ne. Ka ɗauki ribar da aikin ya jawo, ka cire abin da ka kashe, ka raba da abin da ka kashe. In babu lambar farko, me ake aunawa?

Mai shirya bidiyo:
Wa alaikumus salam Malam Akanta. A kan kallo kam ina bayanka, ko da yake sana'ata ce. Facebook ya daɗe yana ƙirga kallo da zarar bidiyo ya yi sakan 3, kuma shi yake fara kansa yayin da mutum ke jan yatsa yana wucewa. Ma'aunin da hukumar MRC ta Amurka, mai tsara ma'aunin talla, ta kafa a 2014 ma ya fi haka sauƙi: rabin bidiyon ya bayyana a fuskar waya ko kwamfuta na sakan 2 a jere, an ce tallar ta ganu. A YouTube kuwa, tallar da ake iya tsallakewa bayan sakan 5, ba a ƙirga kallo sai mutum ya kai sakan 30, ko ya kai ƙarshe in ba ta kai haka ba, ko ya danna ta. Mai haɗa waɗannan ya ce "mun samu kallo miliyan ɗaya" ya tara abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne kalmar asara. Rashin iya aunawa daban, rashin amfani daban.

Mai nazarin alƙaluma:
Ku bar ni in shigo nan. A Satumbar 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kimanin shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da ake kallon bidiyo. Yana tara duk lokacin da aka kalla, sai ya raba da adadin waɗanda suka kai sakan 3 kaɗai, ya zubar da sauran. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito ƙarin ya kai kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Masu talla suka kai ƙara, a 2019 aka sasanta kan dala miliyan 40 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda ya sayar maka da fili shi ne kuma ke auna maka amfaninsa, dole ka buɗe ido.

Amma Malam Akanta, lambar da kake nema ita ma tana da tarko, kuma ta fi kallo haɗari saboda tana zuwa da kamar gaskiya. Allon rahoto zai ce bidiyon nan ya kawo ciniki 200. Ta yaya ya sani? A tsarin yau da kullum na Meta, kamfanin da ke da Facebook, wanda ya danna talla ya saya cikin kwana 7, ko ya gan ta kawai ya saya cikin kwana 1, sai a rubuta wa tallar cinikin. Su kuma injinan dandalin aikinsu ke nan su zaƙulo mutumin da dama yana dab da saye su nuna masa. Kamar zakara ne ya ce cararsa ta kawo asuba.

Kamfanin eBay, mai kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya gwada wannan a 2012, a tallar shafin bincike. Suka dakatar da biyan kuɗi kan binciken sunansu a Yahoo da MSN, sai kusan duk mutanen suka ci gaba da shigowa ta hanyar kyauta. Masu bincike Blake da Nosko da Tadelis suka wallafa sakamakon a 2015. Kafin nan rahoto na nuna riba, ashe kuɗi ake biya kan kwastoman da ke hanyarsa ta zuwa.

Shugabar sashen talla:
Malama ta gama min rabin aiki. Sauran rabin shi ne lokaci. Malam Akanta yana so a saki bidiyo yau a ga kuɗi a ƙarshen wata. Kamfanin da ke sayar wa wasu kamfanoni manhaja ko injina, kwastomansa ba kullum suke kasuwa ba. Farfesa John Dawes na cibiyar Ehrenberg-Bass ya yi lissafin a 2021: in kamfanoni na canza mai yi musu hidima kusan sau ɗaya a shekara biyar, to a kowane wata uku kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ke neman saye. Sauran 95 ɗin ba za su danna komai ba ko da bidiyon ya kai ƙarshen kyau. Aikinsa a wurinsu shi ne ranar da buƙata ta taso, sunanka ya faɗo musu a rai. Les Binet da Peter Field sun bi bayanan IPA, ƙungiyar kamfanonin talla ta Birtaniya, a 2013 suka ba da shawarar kusan kashi 60 na kuɗin talla ya tafi gina suna, 40 ya tafi neman cinikin nan take. Adidas ma, a 2019 jami'insu Simon Peel ya fito fili ya ce suna zuba kashi 77 a tallar cinikin nan take, 23 a gina suna, daga baya nazari ya nuna musu sun karkata da yawa.

Akanta:
Hajiya, da girmamawa, "gina suna" ita ce inuwar da kowane aikin banza ke fakewa a ciki. Duk abin da ya gaza sai a ce a jira. Har yaushe? Procter & Gamble sun zaftare dala miliyan 200 daga tallar intanet a 2017. Jami'insu Marc Pritchard ya ce sun gano matsakaicin kallon talla a jerin labaran waya bai wuce sakan 1.7 ba. Wane suna ake ginawa a sakan 1.7?

Shugabar sashen talla:
Sun zaftare daga inda ba a kallo, suka mayar da kuɗin inda ake kai wa ga mutane. Ba su daina talla ba. Kuma sun gano hakan ne ta hanyar aunawa, ni ma abin da nake kira ke nan. Ana auna suna: kashi nawa ke ambaton ka in an tambaye su ba tare da an tuna musu ba, mutum nawa ke rubuta sunanka a shafin bincike, ko kana iya riƙe farashinka ba tare da rangwame ba.

Jami'in ciniki:
Ni a fili nake aiki, bari in faɗi abin da nake gani. Na tura wa wani manaja bidiyon da ke nuna yadda na'urarmu ke aiki. Da muka zauna, bai tambaye ni me take yi ba. Ya buɗe wayarsa, ya ja bidiyon zuwa wurin da ake cire matatar a wanke, ya tsayar, ya ce wannan ɗin ma'aikacina zai iya shi kaɗai? Ashe ya riga ya tura wa injiniyansu da mai sa hannu a kan kuɗi, mutanen da ban taɓa gani ba. Cinikin ya faɗa, a rajista aka rubuta ya zo ta hannuna. Adadin kallon bidiyon nan abin kunya ne in aka sa shi a rahoto, amma masu yanke hukunci ne suka kalla.

Akanta:
Na yarda da labarinka ƙanina, sai dai labari ɗaya ba ya shiga littafin lissafi. Da ba ka tura ba, wa ya ce ba zai saya ba?

Mai nazarin alƙaluma:
Wannan ita ce tambayar, kuma tana da hanya. A raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, ba da zaɓin hannu ba. Gida ɗaya a nuna musu, ɗaya a hana su. Mu ƙaddara a cikin 10,000 da suka gani 230 sun saya, a cikin 10,000 da ba su gani ba 200 sun saya. Aikin bidiyon 30 ne, alhali allon rahoto zai iya rubuta masa 230. A kan ribar 30 ɗin nan za ka yi lissafinka, riba kuma ba kuɗin ciniki ba, kuma ka haɗa kuɗin ɗauka, tacewa, lokacin ma'aikata da kuɗin yaɗawa. Meta da Google duk suna da irin wannan gwaji, ana kuma yi da yankuna, a kunna talla a wasu a kashe a wasu.

Sai dai kada a ɗauka an gama. Randall Lewis da Justin Rao sun duba manyan gwaje-gwaje 25 na kamfanonin Amurka, mafi yawansu sun shafi miliyoyin mutane, suka wallafa a 2015. Tazarar rashin tabbas a lissafin riba, a gwaji na tsakiya, ta haura maki 100. Ma'ana bayan duk wahalar, kana iya kasa bambance tallar da ta ci riba sosai da wadda ta ci uwar kuɗi. Dalili shi ne sayayyar mutane tana hawa da sauka da kanta fiye da ɗan motsin da talla ke yi mata. Ko 30 ɗin da na kawo misali, a taro irin wannan sa'a kaɗai na iya haifar da ita.

Sabon ma'aikaci:
Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Dollar Shave Club, masu sayar da rezar aski, fa? Bidiyonsu na 2012 an ce dala 4,500 aka kashe, suka samu oda 12,000 cikin kwana biyu, a 2016 Unilever ya saye su kan kusan dala biliyan 1.

Mai shirya bidiyo:
Gaskiya ne ɗana, kuma lissafinsu ya yi sauƙi saboda kusan ba wanda ya san su kafin bidiyon, ba wata hanyar da odar za ta biyo. Kamfanin da ke da wakilai da tsofaffin kwastomomi da tallace-tallace iri-iri ba shi da wannan gatan. Kuma ka ji labarinsu ne don sun dace.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake kawo aikin. Na tambaya me ake so mai kallo ya yi bayan ya gama, sai a ce a dai nuna girman kamfani. Tambari ya juya, a ɗauko ginin daga sama, shugaba ya zauna bayan tebur yana jawabi. Ka buɗe zanen YouTube da ke nuna inda mutane ke ficewa, layin ya rikito tun tambarin bai gama juyawa ba. Daga baya a zo ana neman riba. Akwai kuma bidiyon da aunawarsa ba ta da wuya, an raina shi ne kawai: na koya wa kwastoma haɗa kaya, na horar da sababbin ma'aikata. Ka ƙirga kiran neman taimako da kayan da aka dawo da su kafin da bayan sakinsa.

Shugabar sashen talla:
A ƙara da cewa bin sawun mutum ɗaya-ɗaya ya yi rauni tun Afrilun 2021, da Apple ya fara tambayar masu iPhone ko sun yarda a bi su. Meta da kansa ya ƙiyasta abin zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Shi ya sa manyan kamfanoni suka koma kwatanta kuɗin talla da ciniki mako-mako na tsawon shekaru, har Meta ya saki manhajar Robyn, Google ya saki Meridian, kyauta, don irin wannan lissafi.

Akanta:
To ga sharaɗina a kasafi mai zuwa. Ba zan sa hannu kan wani bidiyo ba sai an rubuta aikinsa, lambar da za a duba, inda lambar take a yau, da ranar da za a dawo a zauna. Wanda za a iya raba masa gida biyu a raba. Jami'an ciniki su tura wa rabin masu neman bayani, su bar rabi. Wa'adi wata uku.

Shugabar sashen talla:
Na amince da komai ban da wa'adin. Wata uku ya isa bidiyon koyarwa da na neman oda. Na gina suna ka ba ni shekara, da binciken jin ra'ayi kafin a fara da bayan an gama, kuma kuɗin binciken ya fito daga kasafin, kada a ce in nemo shi a gefe.

Akanta:
Kuɗin bincike na ɗauka. Shekara kuma sai in za a zauna a wata na shida a duba masu neman sunanmu a shafin bincike. In ba su motsa ba, zan tsayar da kuɗin yaɗawa. Malama, ki turo mana yawan mutanen da gwajin ke buƙata kafin sakamakonsa ya zama abin dogaro.