Jirgi mai nutso mita 2 a rafukan Legas: a ba ni shawara

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. An yi mini tayin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Legas, na hannu ne, ƙafa 40, da ɗakin kwana da madafa a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kil ɗinsa, wato ƙarfen nan na ƙasa, ya nutse mita 2 da 'yar ɗoriya. Ni kuwa burina idan na ajiye aiki in riƙa ɗaukar iyali mu nufi Badagry, wani lokaci Epe. Zai yi, ko in haƙura?

Injiniya Kubwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Epe dai cire ta daga lissafi. Tun kafin a zo maganar zurfi, doguwar sandar jirgin ba za ta shige ƙarƙashin gadar Eko da ta Carter ba. Ko ka bi ta rafin Five Cowrie, gadar Falomo na jiranka. Lagun ɗin kansa kuma, wato babban tafkin Legas, yawancinsa bai kai mita 2 ba idan ka bar hanyar jirage.

Ɗan Bida: Badagry za ta yiwu, amma da ɗan gari a gaba.

Bakatsine: To, Banufe ya ji an ambaci ruwa ya farka. Kwana uku ana maganar kuɗin zaure bai ce uffan ba.

Ɗan Bida: Ku da ba ku san ruwan da ya wuce na buta ba, a yi mana shiru manya na magana.

Kawu na Jabi: Alhaji, bari in ba ka labarin abin da ya same mu, sai ka auna da kanka. Jirgin wani aminina ne, nutsonsa kusan ɗaya da wanda ake maka tayi. Muka ɗauki matuƙi da aka ce ƙwararre ne, muka kama rafin Badagry da hantsi. Mutumin nan idonsa na kan taswirar wayarsa. Wani mai kwalekwale ya yi ta ɗaga mana hannu yana nuna mu koma ta ɗaya gefen, matuƙin ya ce taswira ta nuna akwai ruwa. Ba mu yi nisa ba sai na ji jirgin ya yi wani irin tsayawa, ba ƙara, ba girgiza, kawai bishiyoyin bakin rafi sun daina wucewa. Laka ta riƙe kil.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ruwa ya riga ya fara janyewa. Maimakon ya kashe inji, sai ya yi ta taka shi baya da ƙarfi. Injin irin wannan da ruwan rafin yake sanyaya, ta ƙasa yake zuƙa. Ya zuƙi laka da ciyawa, 'yar robar famfon ta ƙone, zafi ya hau. Ga jirgi a kafe, ga inji a mace.

Daga nan jirgin ya fara kwanciya a hankali ta gefe ɗaya. Kwanuka suka zubo daga kabad, ruwan kwalba ya gangara ƙarƙashin kujera. Matar aminin nawa tana rungume da yara biyu tana ta salati. Ba wai nutsewa za mu yi ba, ruwan bai kai kafaɗa ba a wajen, amma ka gwada faɗa wa yaro haka alhali ƙasan da yake tsaye a kai ya karkace. Magariba ta yi, sauro ya sauko.

Masuntan da aka ƙi saurara su suka cece mu. Suka ɗauki anga, wato ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, a kwalekwale suka kai ta can wajen zurfi suka jefa, suka kama igiyar da ke saukowa daga kan sandar jirgin suka ja ta gefe don ya ƙara karkata kil ya saki laka. Da ruwa ya dawo cikin dare muka yi ta naɗe igiyar anga da hannu har ya zame.

Shi ya sa nake cewa taswira ba ta san abin da damina ta bara ta yi wa rafi ba. Yashi yana tashi daga nan ya koma can, masu haƙar yashi kuma suna barin rami a nan, tudu a gefensa. Wurin da ba ka sani ba, kada ka shige shi sai ruwa na cikowa. Idan ka taɓa ƙasa a lokacin, minti kaɗan ruwa zai ɗaga ka. Idan yana janyewa ne, ka shirya zaman awa shida ko fiye.

Hajiyar Wuse: Innalillahi. Kawu, yaran suna da rigar ruwa dai ko?

Kawu na Jabi: Suna da ita Hajiya, wannan kam ba a wasa da shi.

Injiniya Kubwa: Ƙari a kan na Kawu. Cikowar ruwa a Legas ba ta cika wuce mita ɗaya ba, can cikin rafi ma ba ta kai haka. To mai nutso mita 2 ba shi da rarar da zai dogara da ita sosai. Kuma ka kula da wata: ruwa ya fi cikowa a farkon wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar. Wanda ya kafe a ƙololuwar irin wannan cikowa yana iya jiran kusan mako biyu kafin ruwa ya sake kai wannan matsayi. Lokacin cikowar kuma kullum yana ƙara jinkiri da kusan minti 50.

Yaya a Amurka: Mu ma nan haka ake fama. Hanyar ruwan cikin gaɓa daga Norfolk zuwa Miami an tsara yawancinta a kan zurfin ƙafa 12, amma akwai wurare a jihar Georgia da mai ƙafa 6 ma sai ya jira ruwa. Bambancin, can ruwan yana cikowa kusan ƙafa 8, jira yana da amfani. Gadojin da ba sa buɗewa kuma yawanci tsayinsu daga saman ruwa ƙafa 65 ne.

Bakatsine: Yaya, kullum sai an kawo mana Amurka. Mutum yana tambayar Badagry.

Yaya a Amurka: Laka ai laka ce ko a ina.

Malam Auwalu na Karu: Ni ban yarda a tsorata Alhaji ba. Kil mai zurfi shi ke riƙe jirgi idan ka fita teku ta Commodore Channel, mashigar tashar jiragen Legas, iska ta taso. Wanda zai je Kwatano ko Lome ta teku shi yake nema.

Injiniya Kubwa: Ai bai ce teku zai je ba Malam, rafi ya ce, da iyali.

Malam Auwalu na Karu: Yau rafi, gobe zai so teku. Kowa haka ya fara.

Ɗan Bida: Alhaji, idan ka je dubawa, ka sa a nuna maka daga ina na'urar auna zurfi take ƙirgawa, daga saman ruwa ko daga ƙasan kil. Ka ɗaura ƙarfe a igiya ka jefa ka gwada da hannunka. Kuma ka ajiye gwangwala a jirgi, da ita za ka san laka ce a ƙasa ko yashi. Sai kainuwa, bayan damina tana toshe rafi ta naɗe farfela.

Hajiyar Wuse: Wai rajista fa, NIWA ce ko LASWA?

Injiniya Kubwa: NIWA hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ce ta tarayya, hedikwatarta a Lokoja. LASWA takwararta ce ta jihar Legas. Alhaji ya tambayi 'yan Lagos Yacht Club, ƙungiyar masu jiragen ruwa na shaƙatawa, tun 1932 suke wurin, sun san takardun da ake nema.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai. Kawu, mai jirgin ya ce wai ana iya rage tsawon kil ɗin.

Kawu na Jabi: Kada ka yarda. Nauyin nan an auna shi da tsawon sandar ne. Ka ce ya bari a ɗaga jirgin a tudu ka ga inda kil ya haɗu da jiki, ko akwai tsaga ko tsatsa a kusoshin.

Bakatsine: Asabar dai akwai haɗuwa a bakin tafkin Jabi ko an ɗaga? Banufe ne da sayen kifi wannan karon.

Ɗan Bida: Bayan la'asar. Ka zo da kuɗin zauren da ake binka.