Neman kalmar Hausa: me za mu kira "phishing" a shirin rediyo?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan gabatar da shiri kan matsalolin kwamfutar gida da yadda mutum zai tsare sirrinsa a intanet. Kalmar sirri da manhaja sun riga sun zauna a bakin jama'a, amma kalmar "phishing" ta gagare ni. Abin da ake nufi shi ne saƙon da ke zuwa da sunan banki, yana cewa an rufe lambar BVN ɗinka, wato lambar tantance mai asusun banki a Najeriya, ka latsa nan ka gyara, sai ka tarar da shafi mai kama da na bankin sak, ka zuba lambar kati da lambar sirri da hannunka. Ina neman kalmar da mai sauraro zai gane ba sai na ɓata minti 2 ina bayani ba.

Ɗalibin kimiyya: Wa alaikumus salam, Malama. Ai kutse ne, kuma kowa ya saba da jin masu kutse a labarai.

Mai gyaran kwamfuta: Ban yarda da kutse ba, ɗan'uwa. Makon jiya wani dattijo ya kawo mini kwamfutarsa, ya ce an shiga cikinta an kwashe masa kuɗi. Na bincike ta ciki da bai, ban samu komai ba sai ƙurar da ta toshe fanka, wadda ita ce ke sa ta ɗaukar zafi tana mutuwa. Da muka buɗe imel ɗinsa sai ga saƙon, adireshin ya bambanta da na bankinsa da harafi ɗaya tak, an sa lamba 1 a gurbin ƙaramin harafin L. Mai kutse haura katanga yake yi, shi kuwa wannan dattijo da kansa ya miƙa makulli. Idan aka ce kutse, mai sauraro zai ɗauka gyaran na'ura ne maganin abin, alhali hattara ce maganinsa.

Malamin Hausa: To, ga fatsa. Turawan ma daga kamun kifi suka samo tasu, domin a tsakiyar shekarun 1990 masu satar asusun abokan cinikin kamfanin intanet na AOL a Amurka ne suka ɗauki kalmarsu ta kamun kifi, wato "fishing", suka rubuta farkonta da "ph". Mu ce fatsar intanet, mai yi kuma ɗan fatsa. Kalmar tana ba da aiki cikin sauƙi: an jefa masa fatsa, ya haɗiyi fatsa.

Ɗan Maraɗi: Malam yana da hujja. A Faransancin da muke karatu da shi a Nijar ana cewa "hameçonnage", daga sunan ƙugiyar kamun kifi, kuma hukumar kula da harshen Faransanci ta Kebek a Kanada ce ta fito da ita a 2004.

Dattijo mai kishin harshe: Wannan hujjar ce ma ta sa ban yarda ba. Bature ya ce kifi, Bafaranshe ya ce ƙugiya, mu ma sai mu bi su rafi? Aro ne kawai aka sa wa hula da babbar riga. Bahaushe yana da sojan gona ga wanda ya fito da sunan wani, yana da zamba cikin aminci ga wanda ya cuce ka bayan ka amince masa. Sannan ban ga dalilin da zai sa a riƙa cewa intanet a gidan rediyon Hausa ba, alhali ga yanar gizo.

Malamin Hausa: Allah ya ja zamanin Baba, amma sojan nan na sojan gona daga Turanci ya shigo mana, kamar yadda asibiti da tebur suka shigo. Fatsa kuwa tamu ce tun kaka da kakanni. Ban da haka, wanda ya zauna jarrabawa a madadin wani ma sojan gona ne, saboda haka kalmar ta yi faɗi.

Dattijo mai kishin harshe: Soja ya daɗe a bakin Bahaushe har ya zama ɗan gida. Ku 'yan boko kun fi son kalmar da za ku iya mayarwa Turanci ku nuna wa abokanku.

Ɗalibin kimiyya: Baba, a yi mini afuwa, intanet da yanar gizo ba abu ɗaya ba ne. Yanar gizo ita ce tsarin shafukan da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a 1989 a cibiyar bincike ta CERN, intanet kuwa ta girme ta, kuma a kanta imel da WhatsApp suke tafiya.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ke damuna shi ne, kowace kalma sai an yanka ta a Kano ko Kaduna, mu na Maraɗi da Damagaram sai dai mu ji a rediyo mu karɓa, kamar ba da Hausa aka yi mana raɗin suna ba.

Ɗan Yawuri: Ku bari ɗan masunta ya sa baki. Fatsa kifi ɗaya take kamawa, kuma sai an soka mata tana. Saƙon da ake watsa wa dubban mutane a lokaci guda ya fi kama da taru, wanda ake ja ya kwaso duk abin da ya tarar. Wanda aka kira ka da sunanka, aka ambaci bankinka, shi ne fatsa ta gaskiya. Duk da haka na fi karkata ga fatsa, saboda kifin da kansa yake buɗe baki, kuma wannan shi ne abin da mai gyara ya ce kada a rasa.

Mai gabatar da shiri: Na gode, malamai, dare ya yi kuma ban gama rubutu ba. Zan ce damfarar fatsa, domin fatsa ita kaɗai za ta sa wasu su zaci shirin masunta ne. A ambato na farko zan ƙara da cewa masu sojan gona ne da sunan banki, don Baba ya samu rabonsa. Daga nan zan wuce ga abin da ya fi muhimmanci, wato banki ba ya tambayar lambar sirrin kati ko lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya, kuma lambobi 6 ɗin nan na WhatsApp ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga ƙungiyarku yake.

Malamin Hausa: Damfarar ta yi wa kalmar nauyi, Malama, amma na haƙura, tunda fatsa ta shiga.

Dattijo mai kishin harshe: Allah ya ba da sa'a, 'yata. Zan kunna rediyo gobe in ji, sai dai ni a gidana sojan gona zan ci gaba da cewa, kuma maganar yanar gizo ba mu gama ta ba.