Seminata ta farko: in shuka irin kukar tun yanzu ko in jira?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a sashen gandun daji, an sa mini ranar seminar furofozal, wato gabatar da tsarin binciken da zan yi, nan da mako 3. Aikina a kan tsirowar irin kuka ne, wato wace hanya ta fi saurin tsirar da shi: jiƙawa a ruwan zafi, kankare ɓawon, ko tsomawa a asid. Minti 15 aka ba ni, shafukana na PowerPoint kuwa 38. Sannan na riga na tara irin, na cika ledoji da ƙasa, ina ta ɗokin shukawa don in je musu da ɗan sakamako. Sufabaizana ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Don Allah a ba ni shawara.

Wata da ta gama a ɓangaren lambu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kar ka shuka. Irin wannan garajen na yi a aikina na auren mangwaro. Na fara kafin semina da maimai 2 kacal, wato sau 2 na maimaita kowane gwaji, malamai suka ce sai 3 aƙalla, kuma wasu ledojin suna inuwa wasu suna rana. Haka na zubar da aikin wata 4 na sake sabon lale. Ba sakamako ake nema a furofozal ba, tsarin gwajinka ake son gyarawa tun kuɗinka ba su shiga ƙasa ba. Irin kuka kuwa ɓawonsa tauri gare shi, ajiye shi a busasshen wuri, zai jira ka.

Wani malami a zauren:
Ɗana, hanyoyi 3 ka lissafa. Ina irin da ba a yi wa komai ba? In babu shi, da me za ka gwada sauran? Tambayar farko ke nan da zan yi maka in ina zaune a wurin. Zan kuma tambayi zafin ruwan da tsawon lokacin jiƙon, ƙarfin asid ɗin da mintocin da irin zai yi a ciki, da ko daga bishiya ɗaya ka tsinto ko da yawa. Yaushe ma za ka ce iri ya tsira, kuma kwana nawa za ka yi kana ƙirge? Sai batun tsarin jera ledojin: CRD, inda ake rarraba su duka ta hanyar ƙuri'a, ko RCBD, inda ake fara kasa wurin rukuni-rukuni sannan a yi ƙuri'ar a cikin kowane rukuni. Ɗalibai kan kwafo RCBD don sun gani a aikin wani. In wurin renonka bai ɗaya ne a haske da ruwa, CRD ta wadatar. In gefe guda ya fi inuwa, to ka kasa shi rukuni-rukuni, ka kuma iya faɗin dalili da bakinka.

Shafuka 38 kuma, haba. Rage su zuwa 12 ko 15. Babu wanda zai zo ɗakin nan bai san miyar kuka ba, shafi ɗaya ya ishi amfaninta.

Wani ɗan ajin gaba:
Malam ya gama magana, sai dai ni ina ganin ba laifi ka gwada ledoji 20 a gefe don hannunka ya faɗa, amma kar ka sa su cikin lissafi. Asid kuwa a ɗakin gwaji kawai, da safar hannu da tabarau. Kula da sunayen Latin: Adansonia digitata, a karkace, harafin farko kaɗai babba. A gabana aka tsayar da wani don ya rubuta wa gawo tsohon sunansa Acacia albida maimakon Faidherbia albida. Ka buga kwafi a takarda saboda wuta, ka kuma tambayi jami'in semina na sashenku kwana nawa kafin ranar ake miƙa taƙaitaccen bayani.

Mai tambaya:
Wallahi Malam, sam na manta da wanda ba a taɓa ba, kuma duk irin nawa daga kuka ɗaya ce ta bayan gidanmu. Asabar zan shiga ƙauye in ƙaro daga wasu. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.