Musayar Waƙa: Coci ne Ya Bi Jama'a, ko Jama'a ce Ta Bi Coci?

Malam Katikis

Salama gare ku 'yan'uwa. Zancen makon nan cocin Katolika ne na unguwannin bayan gari, yadda suke tasowa har su zama farish, wato coci mai Fada nasa da iyakarsa, da wanda ke riƙe da tarihinsu. Ƙwar biyar za mu yi, babban amsa-amo "ya".

Da sunan Uba, Allah Sarki,
Da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki,
Na ɗau alƙalami zan yi aiki,
Ku matso kusa, ku bar mamaki,
Zan tono tarihin Ikklisiya.

Haya ta yi tsada a tsakar gari,
Ma'aikaci ya ɗaure kaya da wuri,
Ya koma gefe inda babu tsari,
Ba titi, ba wuta, sai haƙuri,
Ran Lahadi coci sai doguwar tafiya.

Sai aka ari aji a makaranta,
Katikis ya tsaya yana karanta
Bishara ga maza da yara da mata,
Fada kan leƙo sau ɗaya a wata,
Ran nan kaɗai ake karɓar tarayya.

Wannan taro sunansa reshe,
Uwa na birni tana jiran yaushe
'Yar za ta isa ɗaki, a ƙarshe
Bishop ne zai furta da harshe,
Ya yanka iyaka, farish ta tsaya.

To 'yan'uwa ku ba ni bayani:
Farish jama'a ce, ko kuwa gini?
Tsakanin su biyu wa ya bi wani?
Tarihin nan wa ya fi mu sani?
Na aje alƙalami, ga tambaya.

Ɗalibin Tarihi

Ranku ya daɗe, Malam. Ni na ce coci ne ke bin jama'a, kuma ga shaidata.

Malam ku duba ƙasar Faransa,
Paris ta cika har ta tumbatsa,
Masana'antu suka ja mutane nesa,
Unguwanni sun tashi, ba wurin Misa,
Ma'aikata dubbai, ba Ikklisiya.

Tun 1905 aka kafa doka:
Gwamnati ta janye, ta bar taimaka
Wa sabon coci. In kuna son haka,
Ku tara naku, ku yi sadaka,
Baitulmali ya rufe gaba ɗaya.

Kadinal Verdier bai naɗe hannu ba,
A 1931 bai jira kowa ba,
Ya buɗe asusu, roƙo bai ba shi kunya ba,
Shekara goma ba ta cika ba
Sai ga coci wajen 100 sun tsaya.

Aikin ya biya buƙata biyu: mutanen gefen birni suka samu wurin sujada, magina kuma suka samu abin yi a lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye. Asusun nan yana aiki har yau.

Mama Mai Shara

Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. Sai dai daga sama ka fara ƙirga.

Ka ambaci Kadinal, ɗana, na ji shi,
Amma wa ya ɗebo ruwa da yashi?
Wa ya hana cikinsa, ya ci bashi?
Wa ya riga zakara tashi
Don ya jiƙa bulo, ya share hanya?

Mun ci damina babu rufi,
Mun yi Misa a rana mai zafi,
Kowa da kujerarsa, mai ƙarfi
Ya ɗauko ta tsohuwa, ba laifi,
Fada na wa'azi, iska na kwashe murya.

Ranar keɓewa muna nan tare,
Bishop ya shafe bagadi da mai ya ƙare,
Ya shafi bango, aka ƙona turare,
Aka kunna kyandir tun kafin dare,
Ni kuka nake, yara na dariya.

Dutsen bakin ƙofa na da sunan wasu,
Bishop da Fada da manyan cikinsu,
Matan da suka yi dakon an manta da su,
Rabi sun kwanta, Ubangiji ya hutar da su,
Wa zai faɗa wa jikoki gaskiya?

Magatakarda

Mama, a yi haƙuri. Sunayenku suna nan, a cikin kabad ɗin ofis. Bari in ari "fi" ɗinku.

Mama ku zo ofis ku ga littafi,
Tawada ta koɗe a farkon shafi,
Rubutun Fada na fari, siriri mai kaifi,
Sunanku na ciki, kuma ya fi
Na dutsen ƙofa samun ajiya.

Layi guda: suna da ranar haihuwa,
Sunan uba, sannan sunan uwa,
Mai tsaya wa yaro, da ranar zuwa
Ruwan baftisma; ba a tsallake kowa,
Fada ya sa hannu, shaida ta tsaya.

Gefen layin akwai fili a tsare:
Yaro ya girma, ya tafi ƙetare,
Ya sami mata, aka ɗaura aure,
Sai wasiƙa ta zo, mu rubuta tare
Da sunansa na jariri, wuri ɗaya.

Wannan aiki ya daɗe. Majalisar Trent, babban taron shugabannin cocin Katolika, ita ce ta wajabta rajistar baftisma da ta aure a 1563, a 1614 aka ƙara ta mamata, dokar coci ta 1983 kuma ta sake jaddada shi a sashe na 535. Abin da ke wahalar da mutanen bayan gari shi ne, duk wanda aka yi wa baftisma tun cocinsu na reshe, sunansa na can a littafin uwa cikin birni. Sai aure ya taso a ga saurayi na zarya tsakanin ofis biyu, yana rantsuwa a nan aka zuba masa ruwa. Gaskiyarsa ce, a nan ne, amma rubutun can aka kai.

Autar Mawaƙa

Iyayena, ƙwar biyar ta fi ƙarfina, ku bar ni da ƙwar biyu.

Kun ba mu labarin buɗe ƙofa,
Na rufe ta kuwa kun bar shi a baya.

A Boston ta Amurka, a 2004,
Aka ce farish da yawa su tattara kaya.

Firistoci sun ragu, aljihu ya bushe,
Benci ya yi yawa, masu zama ɗaya-ɗaya.

Ga abin kunyar 2002, na firistocin da suka ci zarafin yara, bai warke ba,
Amana ta karye, gyaranta da wuya.

A Scituate, can bakin teku,
Jama'a suka shiga coci suka tsaya.

Suka raba dare da rana tsakaninsu,
Wani na fita, wani na kan hanya.

Sun kai ƙara Roma, sun kai kotu,
Duka biyun suka ba dayosis, yankin Bishop, gaskiya.

Sai Mayun 2016 suka fita da hawaye,
Bayan shekara 11 da ɗoriya.

To Mama, ku da kuka ɗebo yashi,
In an ce ku miƙa makulli, za ku iya?

Mama Mai Shara

'Yata, kin taɓo inda ke ciwo.

Ni dai ba mai miƙa makulli
Ba ce da daɗin rai, kin san hali,
Sai sun zauna sun faɗa min dalili,
Mu muka share wannan fili
Tun yana daji, mazaunin mujiya.

Malam Katikis

Auta ta kawo zancen inda nake so. Ga abin da sashe na 515 na dokar coci ya ce.

Doka ta ce Bishop ne zai fara,
Shi zai rufe, shi ne zai gyara,
Wurin majalisar firistoci zai nemi shawara,
Babu inda ta ce lalle a tara
Masu ɗebo yashi a zauna a shirya.

Amma ku koma layin farko
Na sashen nan da ya ba shi iko:
Farish jama'a ce, ɗan gari da baƙo,
Ba a ambaci bulo ba cikin saƙo,
Ba a ambaci kwano ko rijiya. 

A ganina nan dokar ta gajarta. Ta ce jama'a ce farish, sannan ranar yanke hukunci ba ta wajabta a tambayi jama'ar ba. Bishop mai hankali yakan tambaya ko ba a tilasta masa ba, amma wannan halinsa ne, ba kowa ke da shi ba.

Magatakarda

In an rufe ko an haɗe farish biyu, littattafan ba sa salwanta, ana miƙa su ga wadda ta gaje ta ko a kai ma'ajiyar dayosis. Sai dai Mama na da gaskiya a wuri guda: rajista ta san uwar yaro, ba ta da layin wanda ya ɗauki kwanon yashi.

Ɗalibin Tarihi

To Mama ku ba ni lokaci in zo
Da biro da waya, in yi ƙwazo,
Ku zayyano su kafin hazo
Ya rufe sunan duk wata gwarzo,
In buga a manna a Ikklisiya.

Mama Mai Shara

Ka zo bayan Misar safe, kada ka zo ina shara. Kuma mace ba gwarzo ba ce, gwarzuwa ake cewa, ka gyara baitinka kafin Lahadi.