Tsohon jirgi a Yelwa: a bar masa kayansa na asali ko a sake masa ciki?

Ɗanjuma: Assalamu alaikum jama'a. Na sayi tsohon jirgin katako a Yelwa, irin dogon nan na 'yan kasuwa. Niyyata in cire benci uku na tsakiya, wato katakan zama, don buhu da babur su samu wuri, in ɗaga rumfa, in sauke injin Yamaha mai doki 40 in ɗora mai 75. Sai ga Baba Audu yana cewa wai jirgin da aka taɓa wa kayan asali ya fi wanda ya tsufa haɗari. Ni dai maganar ba ta shige ni ba.

Baba Audu Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da kake kira benci ba don zama kaɗai aka sa shi ba. Shi ke riƙe da gefen dama da na hagu. In ka loda kaya, nauyi yana tura bangon jirgi waje, ruwa yana matso shi ciki, wannan katakon ne ke raba su faɗa. Ka cire uku a jere, jirgin zai riƙa numfashi kamar zugazugin maƙeri. Ranar farko lafiya lau. Bayan wata biyu sai ka ga audugar da aka cusa tsakanin katako da kwaltarta sun fara fita, yaronka ya koma ba ya da aiki sai kwarfe ruwa.

Isa Warra: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan son kayan asali ya yi yawa. Na taɓa kwance wani jirgi, ƙusoshinsa na farko duk tsatsa ta cinye, katakon ya yi baƙi kewaye da kowace ƙusa, da yatsa kake zaro ta. Wannan ma asali ne. A bar shi?

Baba Audu Kafinta: A'a, Isa. Ƙusa a canza ta, a sa wadda ba ta saurin tsatsa. Katakon da ya ruɓe a cire, in da hali a mayar da maɗaci ko kawo, ba farin katakon da ake rufin ɗaki da shi ba. Ni abin da na hana shi ne sauya wa abu mazauni. Wanda ya sassaƙa jirgin ya san dalilin da ya sa kowane katako inda ya sa shi.

Sani Makanike: Ni inji ne damuwata, ba benci ba. Katakon baya an yi shi ne daidai nauyin 40. Mai 75 ya fi nauyi nesa ba kusa ba, ga tunkuɗa, ga girgiza. Gindin jirgi zai nutsa, hanci ya ɗaga, girgizar kuma ta bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya tana sassautawa. In dole sai ka ɗora, a ninka katakon bayan, a ɗaure shi da noti har cikin jiki. Kuma ka shirya wa kuɗin fetur da baƙin mai, don babban inji ba ya azumi.

Malam Nasiru: Ku ƙara da wannan. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuka, har aka tashi Gungawa da yawa daga tsibiransu. Kututturan itatuwan nan suna nan a ƙasa. Lokacin baƙin ruwa, wato sa'ad da tafkin ya cika, suna can nitse, in ruwa ya ja baya sai su matso sama. Jirgi mai tafiya a hankali in ya gogi kututture sai ya zame, mai gudu kuwa tsagewa yake yi.

Isa Warra: To ai Malam ka kawo mini hujja. Jirgin da ya tsage kusa da Warra ranar 26 ga Mayu 2021, wanda ya taso daga jihar Neja da mutum fiye da 150, abin da aka faɗa a kai shi ne tsufa da lodin da ya wuce kima. Ban ji an ce benci ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Baba Audu Kafinta: Amin. Ban ce na san cikin wancan jirgin ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ka tambayi kanka, me ya sa mutum ke cire benci? Don ya loda abin da jirgin bai iya ɗauka da. Lodi da gyaran nan uwarsu ɗaya.

Hajiya Kulu: Ku yi haƙuri in sa baki, mu ne masu zama a ciki. Rumfar nan da ake ɗagawa, ƙarshenta kaya ake jibga mata a kai, kaji, katifa, har buhun shinkafa. In iskar farkon damina ta taso, jirgin ya dinga rangaji ke nan muna salati. Ɗanjuma, kuɗin injin nan da ka sayi rigunan ruwa da su, ka gyara dandamalin ƙasa ƙafarmu ta daina jiƙa, wallahi da jirginka zan riƙa jira.

Ɗanjuma: Hajiya kin ɗaure ni. Rumfa na fasa ɗagawa. Amma babur fa dole ya shiga, shi ne kuɗin. Isa ya ce a cire katakan a ɗaura ƙarfe ta ƙasa ya maye gurbinsu.

Baba Audu Kafinta: Ƙarfe a ƙasa ba ya riƙe baki, kuma katako yana kumbura ya motse, ƙarfe ba ya binsa, sai ya ci ramin notinsa. Ɗaya zan yarda a cire, a ƙara wa na gaba da na bayansa kauri.

Isa Warra: Biyu dai, Baba.

Baba Audu Kafinta: Ku jawo shi tudu ranar Asabar in kwankwasa cikinsa tukuna. Ɗanjuma, ka zo da guduma da fitila.